Amsoshin Tambayoyinku: Jan Dokin da Agogo Ya Yi wa Shaida

Wasiƙun da suka taru a kan teburina a wannan wata sun karkata ga dawaki, kuma huɗu daga cikinsu a kan doki ɗaya suke magana, ko da yake kowane mai tambaya da inda abin ya dame shi. Saboda haka na haɗa su wuri guda, na fara da wadda ta fi neman dogon bayani.

Tambaya daga wani matashi mai gyaran babura a unguwar Bukoki, Yamai: Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure a fadarmu tun daren Juma'a, har shayi ya huce ba a zuba na uku ba. Wani abokinmu ya nuna mana a wayarsa bidiyon wani tsohon tsere da aka yi a Amurka, inda wani jan doki, mahayinsa sanye da riga mai zanen dara shuɗi da fari, ya tsere wa ƴan'uwansa har mai ɗaukar hoto ya kasa haɗa su a fuska ɗaya. Wasunmu sun ce haɗi ne irin na zamani, wasu kuma sun ce sauran dawakin riƙe su aka yi. Shin da gaske an yi wannan doki?

Amsa: Ƙanena, an yi shi, kuma abin da kuka gani ba haɗi ba ne. Rigar da ka kwatanta ita ce alamar gidan kiwon dawaki na Meadow da ke jihar Bajiniya, dokin sunansa Secretariat, tseren kuma shi ne Belmont na ranar 9 ga Yuni, 1973, a gefen birnin Niyok. Sunan zai ba mutumin Yamai dariya, domin mu ofis muka sani da wannan suna, kuma ba a yi nisa da gaskiya ba, tunda sakatariyar gidan ce, Elizabeth Ham, ta kawo shi bayan hukumar rajistar dawaki ta ƙi karɓar wasu sunaye da aka fara miƙa mata.

An haife shi ranar 30 ga Maris, 1970. Ubansa Bold Ruler ingarma ne da ya yi suna wajen haifar ƴaƴa masu zafin gudu, uwarsa Somethingroyal kuma ƴar Princequillo ce, wanda zuriyarsa ta shahara da dogon numfashi. Yadda ya faɗo hannun masu shi abin a ba da labari ne. Iyalin Phipps, masu Bold Ruler, ba kuɗi suke karɓa ba idan aka kawo goɗiya barbara. Sharaɗinsu shi ne a kawo goɗiyoyi biyu shekara biyu a jere, a jefa kwabo sama, wanda ya ci ya fara zaɓe cikin ƴaƴan shekarar farko, wanda ya faɗi kuma ya fara zaɓe a ta biyu. A 1969 aka jefa, Ogden Phipps ya ci, ya ɗauki wata ƴar goɗiya da ba ta taɓuka komai a fili ba. Penny Chenery, wadda ke riƙe da gidan Meadow saboda mahaifinta Christopher Chenery yana kwance ba lafiya, ita ta faɗi, kuma faɗuwar ce ta bar mata ɗan da ke cikin Somethingroyal a lokacin. Rabon kwaɗo, in ji Hausawa, ba ya hawa sama.

Duƙushin ya tashi ja wur, da fararen ƙafafu uku da farin tabo a goshi mai zirin da ya gangaro zuwa hanci, ya kai kimanin santimita 168 a kafaɗa, nauyinsa kuma ya haura kilo 500. Lucien Laurin ne ya hore shi, Ron Turcotte ya zama mahayinsa, dukansu ƴan Kanada masu jin Faransanci, sai Eddie Sweat, baƙar fatar Amurka, wanda shi ne ke tashi da asuba ya wanke shi, ya ba shi abinci, ya kwana kusa da shi a kan hanya. Duk wanda ya taɓa zama a barga ya san cewa wannan na ukun ne ya fi kowa sanin dokin.

Fitowarsa ta farko, ranar 4 ga Yuli, 1972, a filin Aqueduct, ba ta yi armashi ba, domin ana buɗe ƙofar tashi wani doki ya bangaje shi har ya kusa durƙushewa, ya ƙare na huɗu. Daga nan sai ya kama ci. A wannan shekara ya fita sau tara, ya ci bakwai, aka kuma zaɓe shi gwarzon dokin shekara na Amurka yana ɗan shekara biyu, a gaban manyan da suka girme shi.

Abin da ake auna ɗan shekara uku da shi a Amurka tsere uku ne da ake yi cikin mako biyar, wato Derby na Kentaki, da Preakness, da Belmont, kuma wanda ya haɗa su duka shi ake cewa ya ɗauki kambi uku. Idan kana son ka ji nauyin abin, ka ɗauke shi kamar takobin kokowarmu, da bambanci ɗaya: ɗan kokowa yana iya dawowa baɗi, shi kuwa doki sau ɗaya tak yake shekara uku. Rabon da a sami wanda ya haɗa su tun Citation a 1948, har mutane sun fara cewa ba za a sake gani ba.

Mako biyu kafin Derby sai Secretariat ya zo na uku a tseren Wood Memorial, a bayan Angle Light da Sham, masu surutu kuma suka samu abin faɗa, suna cewa ai jinin Bold Ruler ba ya kai nisa. Daga baya aka bayyana cewa ƙurji ne ya fito masa a cikin baki, inda linzami ke taɓawa. Ranar 5 ga Mayu, a filin Churchill Downs, ya tashi daga can baya yana cin dawaki ɗaya bayan ɗaya, ya gama nisan kimanin mita 2,012 cikin minti 1 da daƙiƙa 59.4. Ga wanda ya san doki, abin mamakin yana cikin yadda ya raba gudun ne. An kasa tseren kashi biyar, kowane kashi kimanin mita 400, sai aka ga ya yi na farko a daƙiƙa 25.2, na biyu a 24, na uku a 23.8, na huɗu a 23.4, na ƙarshe a 23. Kowane doki gudunsa raguwa yake yi idan ƙarshe ya matso, wanda muke gani kamar ya ƙara wuta ma yawanci shi ne wanda gajiyarsa ba ta kai ta sauran ba, amma wannan kowane zango ya fi na bayansa sauri har ya ƙetare layi. Sham, wanda ya bugi ƙarfen ƙofar tashi da baki har haƙoransa suka ji ciwo, ya zo na biyu da ratar tsawon doki biyu da rabi.

A Preakness, ranar 19 ga Mayu a Baltimore, ya yi abin da masu horarwa ke hana mahaya yi: a kwanar farko, inda mai hankali ke lallaɓawa, ya zagaye dawakin duka ta waje, daga na ƙarshe ya koma na farko, bai kuma sake ba kowa gaba ba. Sham ya sake zuwa na biyu da rata iri ɗaya. Agogon filin ya sami tangarɗa a ranar, masu auna lokaci da hannu suka saɓa wa juna, aka yi ta jayayya shekara 39, sai a watan Yunin 2012 hukumar tsere ta jihar Maryland ta sake bin hotunan tseren da na'urorin zamani, ta tabbatar da minti 1 da daƙiƙa 53.

Sai Belmont, wanda kuka kalla. A wancan lokaci shi ne mafi tsawo a cikin ukun, mita 2,414, kuma dawaki biyar kawai suka fito. Sham da Secretariat suka tashi kafaɗa da kafaɗa da gudun da bai dace da doguwar tafiya ba, suka ci rabin nisan a minti 1 da daƙiƙa 9.8, lokacin da a wasu ranaku ya isa a ci gajeren tsere da shi. Tsofaffin hannu da ke kallo sun ɗauka mahayan biyu sun kashe dawakinsu. Rabin hasashensu ya tabbata, domin Sham ya sare daga nan ya koma na ƙarshe, amma jan dokin bai rage ba. Ya wuce alamar mita 2,012 a minti 1 da daƙiƙa 59, wato ya fi lokacinsa na Derby sauri alhali da sauran tafiya a gabansa, ya kuma ƙetare layi a minti 2 da daƙiƙa 24 cif, da ratar tsawon doki 31 tsakaninsa da Twice a Prince da ya zo na biyu. Wannan rata ta kai kimanin mita 77. Idan kun je filin wasa na Janar Seyni Kountché, ku tsaya a bakin raga ɗaya, ku dubi wajen da kashi uku cikin huɗu na filin ya ƙare. Can ne na biyun yake lokacin da na farko ya gama.

Ga masu cewa an riƙe sauran dawakin, amsarsu tana wurin agogo. Da a ce rata ce kawai, da ana iya cewa abokan karawarsa ne ba su da ƙarfi, kuma gaskiya ban da Sham ba wani gagara-badau a cikinsu. To, amma riƙe na baya ba ya ƙara wa na gaba sauri. Lokacin da ya fi kowane kyau a wannan tsere kafin ranar shi ne minti 2 da daƙiƙa 26.6, na Gallant Man a 1957, kuma daga 1973 zuwa yau mafi kusa da aka zo shi ne minti 2 da daƙiƙa 26, wanda Easy Goer ya yi a 1989. Daƙiƙa biyu a bakin mai magana ba komai ba ne, amma ga dokin da ke gudun kilomita 60 a awa, sun haura mita 30. Lokutansa na tseren nan uku, har yau ba wanda ya karya ko ɗaya. Ku koma ku dafa wani shayin.

Tambaya daga wani dattijo mai kiwon dawaki a Tawa: Malam, na ji an ce wannan doki yana ɗan shekara uku aka sauke masa sirdi. Mu a nan ɗan shekara uku bai gama sanin linzami ba, ƙarfin doki kuwa sai ya shekara biyar ko shida. Rauni ya ji ne, ko kuwa tsoron kada a kayar da shi suka yi? Kuma an taɓa kayar da shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba rauni ba ne, kuma ba tsoro ba ne, kuɗi ne. Christopher Chenery ya rasu a watan Janairun 1973, harajin gado mai nauyi ya hau kan iyalinsa, kuma babbar kadarar da za ta iya fitar da su ita ce dokin. Sai aka kasa haƙƙin barbararsa kashi 32, kowane kashi a kan dalar Amurka 190,000, ta hannun Seth Hancock na gidan kiwo na Claiborne, cinikin ya tashi a kan miliyan 6.08, farashin da ba a taɓa jin irinsa ba a lokacin. Na ce dalar Amurka da gangan, kada wani ya lissafa da dalarmu ta kasuwa. Sharaɗin cinikin shi ne dokin zai yi tsere zuwa ƙarshen shekarar, sannan ya koma barbara. An ƙulla wannan tun kafin ya taka filin Derby, saboda haka ranar saukar sirdinsa a rubuce take tun bai zama abin da ya zama ba. Ku da kuka ga 1973 da idonku kun san cewa shekarar da ake wannan ciniki ita ce shekarar da fari ke kwashe garkunan Azawak da Adar, mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kawai a hannu, don haka ba abin mamaki ba ne da labarin bai iso kunnen kowa a nan ba sai yanzu da waya ta kawo shi.

Maganarku a kan shekaru gaskiya ce, kuma ba dawakinmu kaɗai ta shafa ba. Irin nasu ma jikinsa bai gama ƙosawa a shekara uku ba, sai dai an zaɓi iri mai saurin girma, ana ɗora masa sirdi tun bai cika shekara biyu ba, kuma manyan kyaututtuka an ajiye su ne ga ƴan shekara uku. A ganina an yi wa masu son doki ƙwange. Duka rayuwarsa ta tsere ba ta wuce wata 16 ba, daga Yulin 1972 zuwa Oktoban 1973, kuma ba wanda ya ga abin da zai yi da ya kai shekarun da kuke magana.

Batun kayarwa kuwa, an kayar da shi, har sau biyar. Ya fita sau 21, ya ci 16, ya zo na biyu sau uku, na uku sau ɗaya, na huɗu sau ɗaya, ya tara dalar Amurka 1,316,808. Na ambaci fitowarsa ta farko da kuma Wood Memorial a amsar da ta gabata. Akwai tseren Champagne na 1972, inda shi ya fara ƙetare layi amma alƙalai suka mayar da shi na biyu saboda ya matse wani doki mai suna Stop the Music. Sauran biyun bayan kambi uku suka zo, lokacin da hotonsa ya riga ya hau bangon manyan mujallun Amurka. A watan Agusta, a Saratoga, wani doki mai suna Onion, wato albasa, ya riga shi, daga baya kuma aka ga zazzaɓi a jikinsa. A ƙarshen Satumba Prove Out ya kayar da shi a tseren Woodward a kan fili mai caɓi, tseren da asali ba shi aka shirya wa ba, an sa shi ne a madadin abokin bargarsa Riva Ridge wanda ba ya son jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutum ɗaya ne, Allen Jerkens, ya hori dawakin nan biyu da suka kayar da shi. Kowace faɗuwa da uzurinta, amma ni ban cika son jera uzuri ba, domin Prove Out ya yi gudu na gaske a ranar, kuma haƙƙinsa ne a faɗa.

Tsakanin faɗuwar nan biyu ya ci Kofin Marlboro, inda ya doke Riva Ridge da manyan dawakin ƙasar, ya kafa lokacin da ya fi na duniya a nisan kimanin mita 1,800. Tserensa biyu na ƙarshe a kan ciyawa aka yi su, abin da bai saba ba, ya kuma cinye su duka. Na ƙarshen a filin Woodbine na Toronto ne, ranar 28 ga Oktoba, 1973, cikin sanyi da yayyafi, Eddie Maple ne a kansa saboda an dakatar da Turcotte na ƴan kwanaki, ya kuma ci da ratar tsawon doki shida da rabi.

Tambaya daga wata malamar makaranta a unguwar Yantala, Yamai: Malam, ɗalibaina sun kawo mini maganar cewa zuciyar wannan doki ta ninka ta sauran dawaki, kuma ita ce sirrinsa. Ina so in san abin da zan gaya musu.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki gaya musu cewa labarin yana da tushe, amma adadin da ake yawo da shi ƙiyasi ne. Secretariat ya mutu ranar 4 ga Oktoba, 1989, yana da shekara 19, a gidan Claiborne da ke Kentaki, bayan ya kamu da ciwon kofato, wato kumburin naman da ke riƙe kofato da ƙashin ƙafa, ciwon da idan ya yi tsanani doki ba ya iya tsayuwa, har aka yi masa allurar da ta raba shi da wahala. Likitan dabbobin da ya buɗe shi, Thomas Swerczek na Jami'ar Kentaki, ya tarar da zuciya lafiyayya mai girman da bai taɓa gani ba, amma bai ɗora ta a ma'auni ba. Sai a 1993, da Sham ya mutu, likitan ya auna tasa zuciyar ya sami kimanin kilo 8, daga nan ya ƙiyasta cewa ta Secretariat za ta kai kilo 10, alhali ta dokin tsere na yau da kullum ba ta wuce kilo 4 da wani abu ba. Babbar zuciya tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, jini kuma shi ke kai iska ga tsoka, don haka ba shakka ta taimake shi a doguwar tafiya. Sai dai ki tuna musu cewa Sham ma tasa ta ninka ta sauran, kuma a baya ya ƙare. Akwai faɗin ƙirji, da ƙarfin cinya, da tsawon taku wanda aka auna ya kai mita 7 da rabi a tsalle ɗaya, da kuma natsuwar da ke sa doki ya bi umarnin mahayi a tsakiyar ihun dubban mutane.

Wani abin da zai amfani ɗalibanki a darasin gado shi ne cewa cikin ƴaƴansa fiye da 600 ba a sami kamarsa ba, ko da yake an sami zakaru: Lady's Secret ta zama gwarzuwar shekara a 1986, Risen Star ya ci Preakness da Belmont a 1988, Kingston Rule kuma ya ci Kofin Melbourne na Ostareliya a 1990. Jininsa ta wajen ƴaƴa mata ya fi tafiya, domin su suka haifi Storm Cat da A.P. Indy da Gone West, ingarmun da zuriyarsu ta cika filayen tsere na yau. A al'adar masu kiwo na can, kai da zuciya da kofatai kawai ake binnewa na dokin da ya yi suna, amma shi an binne shi ɗungurungum.

Tambaya daga wani mahayi da ke sukuwa a filin Yamai: Malam, da za a kawo irin wannan doki nan, zai kayar da namu? Kuma shi da dawakin Faransa da muke gani a takardun cacar tseren dawaki ta PMU, wa ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, a tseren mita dubu biyu a kan fili mai laushi da aka gyara, zai kayar da namu, kuma ba da ƙaramar rata ba. Irinsa shi ne wanda Turawan Ingila ke kira Thoroughbred, Faransawa kuma pur-sang, wato mai tsantsar jini, kuma shekara kusan 300 aka yi ana tace shi don aiki ɗaya tak, gudu na minti biyu ko uku da mahayi mara nauyi. A tseren kambi uku abin da doki ke ɗauka, mahayi da sirdi, kilo 57 ne. Duk irin, ta wajen uba, yana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Larabawa da Turkawa a ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, wato Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma tun 1791 ake rubuta nasabarsu a littafi. Na ukun nan ta Tunis da Faransa ya bi kafin ya isa Ingila, har wasu na ganin dokin Barbar ne na Arewacin Afirka, wanda in haka ne, akwai dangantaka ta nesa tsakaninsa da dawakin Arewa da na Bagazan da muke taƙama da su.

Amma kawo shi wani abu ne, riƙe shi wani abu ne daban. Na tashi na ga dokin kakana, wani akawal da bai kai mita ɗaya da rabi ba, yana cin harawa da dusa da ɗan gero, ana jiƙa masa kanwa, a ɗaure shi a turke ƙarƙashin bedi, ya wuni a hanyar kasuwa cikin zafin watan Afrilu, washegari kuma a ɗaura masa sirdi ya fita kilisa kamar ba shi ba. Dokin tsantsar jini ba zai jure mako ɗaya na wannan ba. Fatarsa sirirya ce, ƙashin ƙafarsa siriri ne a kan nauyin jikinsa, kofatonsa ba ya son tsakuwa, cikinsa kuma ɗan canjin abinci kan murɗe shi. Ga sammore, ga annobar dawaki ta Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, wadda ta fi yi wa baƙon doki kisa. Shi ya sa masu son ƙarin gudu a yankinmu suka fi karkata ga gauraya jini a kan su riƙe tsantsar.

Game da na Faransa, ka fara rarrabewa: waɗanda ke jan ƴar amalanke suna sassarfa wani iri ne daban, ba a haɗa su da wannan. Masu sukuwa su ne danginsa, kuma babban tserensu, Arc de Triomphe, ana yin sa a Longchamp a farkon Oktoba a kan mita 2,400, kusan daidai da Belmont. Goɗiya Danedream ta ci shi a 2011 a minti 2 da daƙiƙa 24.49. Kada ka yi saurin ɗora lokutan biyu a sikeli ɗaya, domin nasu a kan ciyawa ne, fili mai hawa da gangara, busasshiyar ciyawa kuma ta fi ƙasa sauri, shi kuwa a kan ƙasa ya yi nasa, kuma a wannan nisa a kan ƙasa lokacinsa ne har yau mafi sauri. Bai taɓa tsere a Turai ba. Maganar wanda za a zuba wa kuɗi kuwa ba ta wannan shafi ba ce.

Tunda kai mai hawa ne, ga abin da za ka iya gwadawa da kanka. Ka sami igiya ko ma'aunin magina ka auna mita 400 a miƙaƙƙen gefen filinku, ka kafa sanda a farko da ƙarshe, ka sa wani ya riƙe agogon waya, ka taho da gudu tun kafin sandar farko don kada tashi ya ci maka lokaci. Secretariat a Belmont ya yi irin wannan zango sau shida a jere ba hutu, kowanne a daƙiƙa 24 idan aka raba daidai. Ka rubuto mini abin da dokinka ya yi a zango ɗaya, da shekarunsa, da nauyinka, da kuma ko da safe aka yi gwajin ko da yamma.